AIKI TA CIBIYA: TIYATAR DA BA A BUƊE CIKI

Gaisuwa ta musamman ga masu saurarenmu na Bebeji da Tiga, da na Ƙiru da Kwanar Ɗangora, da na Tudun Wada, har can Doguwa da Riruwai. Uwargida sannu da aiki, amarya sannu da gida. A ɗan rage wutar murhu, a jawo tabarma a matso kusa, domin maganar yau ta lafiyar cikinmu ce.

Akwai kalma guda wadda in likita ya furta ta, sai gaban mace ya faɗi. Kalmar ita ce "aiki". Da zarar an ce "sai an yi miki aiki", abin da ke zuwa a rai shi ne wuƙa da jini da dogon ɗinki daga cibiya har mara, da kwanciyar asibiti, da tunanin wa zai riƙe yara. Wata kuma tsoronta kada a cire mata mahaifa ba da saninta ba. Saboda wannan tsoro mata da yawa sukan karɓi takardar likita su cusa a ƙarƙashin katifa, su koma ga jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin kemis, har sai ciwo ya ci ƙarfinsu an kwashe su ranga-ranga cikin dare.

To, 'yar uwa, ba kowane aiki ne ake buɗe ciki ba. Akwai wanda ake yi ta 'yan ƙananan huji, har ma akwai wanda ake yi ta kafa ɗaya tak a cikin cibiya. Sai dai yana da sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne a zo da wuri. Wadda ta zauna da ciwo har ya yi nisa, sau da yawa wannan sauƙi ya wuce ta.

Yadda ake yin aikin

Likitoci suna kiran wannan aiki laparoskofi. Mu a nan bari mu kira shi aikin huji. Da farko za a yi miki allurar barci, ba za ki ji komai ba, ba za ki ga komai ba har a gama. Sai likita ya yi ɗan ƙaramin yanka a cibiya, faɗinsa bai wuce santimita 1 ba, wato kamar faɗin farcen ɗan yatsanki. Ta nan za a hura wata iska mai tsabta a cikin cikin, domin fatar ciki ta ɗaga sama ta rabu da hanji, kamar yadda ake ɗaga gidan sauro a samu wurin motsi a ƙarƙashinsa. Daga nan sai a zura wani siririn ƙarfe mai kaurin alƙalami, mai fitila da kyamara a bakinsa. Duk abin da kyamarar ta gani yana fitowa a allon talabijin da ke gaban likita, kuma a faɗaɗe, ta yadda zai ga mahaifa da bututun ƙwai da ma'ajiyar ƙwai sarai.

In dubawa kawai za a yi, ɗan abin da za a ƙara kaɗan ne. In kuwa akwai abin da za a gyara ko a cire, sai a ƙara huji 2 ko 3 a gefen mara, kowanne rabin santimita zuwa santimita 1, a zura dogayen kayan aiki, wato almakashi da hantsaki da abin tsayar da jini. Likita yana kallon allo, hannuwansa suna waje, bakin kayan aikin yana ciki. In an gama a saki iskar ta fita, a ɗinke hujin da ɗinki 1 ko 2, a manna filasta.

Shi kuwa na kafa ɗaya, maimakon huji 3 ko 4 a wurare dabam-dabam, yanka ɗaya ake yi a cikin ramin cibiya, tsawonsa kamar santimita 2 zuwa 3. Sai a sa wani abu mai kama da marfi, mai 'yan ƙofofi a jikinsa, kyamara da kayan aiki duka su bi ta nan. In wurin ya warke, tabon yakan ɓuya a cikin lanƙwasar cibiya, sai an ƙura ido sannan a gane an taɓa wurin.

Ba sabon abu ba ne

Kada ki ɗauka gwaji ake yi da jikin mata. A shekarar 1901 wani likitan Jamus, Georg Kelling, ya fara leƙa cikin ciki ta wannan hanya, a jikin kare. A 1910 wani likitan ƙasar Suwidin mai suna Jacobaeus ya yi wa mutane. A shekarun 1940 kuma Raoul Palmer a Faransa ya shiga amfani da ita wajen binciken matsalar rashin haihuwa. Kin ga ke nan likitocin mata suna cikin waɗanda suka raini wannan fasaha tun tana ƙarama. Aikin kafa ɗaya ma a fannin mata ya fara: a 1969 wani likita a Amurka, Clifford Wheeless, ya ba da rahoton ɗaure bututun ƙwai ta kafa guda, a 1991 kuma aka ba da rahoton cire mahaifa ta wannan hanya, a can Amurka ɗin dai.

A nan gida, ana aikin huji a sashen mata na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ke kan titin Zariya, daidai hanyar da mu mutanen kudu muke bi mu shiga birni. Ana yi kuma a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya. Wanda aka fi yi ko'ina a duniya shi ne mai huji 3 ko 4. Na kafa ɗaya yana buƙatar kaya na musamman da hannun da ya saba, don haka ba kowane likita ke yin sa ba.

Waɗanne ciwuka ake yi wa?

Na farko, binciken rashin haihuwa. In mace ta shekara da aure, suna tare da maigida, ba a tsarin iyali, kuma shiru, lokacin zuwa asibiti ya yi. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke hana ciki shi ne toshewar bututun da ƙwai ke bi ya gangaro mahaifa, kuma sau da yawa abin da ke toshe shi ciwon sanyi ne da ba a magance da kyau ba, ko ƙwayoyin cuta da suka shiga bayan haihuwa ko ɓari. A lokacin aikin huji, likita yakan zuba wani ruwa mai launin shuɗi ta bakin mahaifa, yana kallo a allo. In ruwan ya ɓullo ta ƙarshen bututun, hanya a buɗe take. In bai ɓullo ba, an gano inda matsalar take. Amma a nan ina da magana da maigida, in yana kusa da rediyo. Malam, rashin haihuwa ba daga mace kaɗai yake zuwa ba, sau da yawa daga namiji ne. Gwajin namiji kuwa ba allura, ba yanka, ba kwanciya, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Adalci shi ne a fara da naka gwajin kafin a kai ga huda cikin baiwar Allah.

Na biyu, ƙululun ruwa da kan fito a jikin ma'ajiyar ƙwai. Da yawansu sukan baje da kansu cikin 'yan watanni, ba sai an taɓa su ba. Wanda ya ƙi bajewa, ko yake girma, ko yake sa ciwo, shi ake cirewa. In yana ƙarami ana iya ɓare shi ta huji a bar miki ma'ajiyar ƙwanki lafiya lau. In aka bar shi ya girma, yana iya murɗewa ya datse hanyar jini, ciwo mai tsanani ya taso farat ɗaya da amai, a ƙarshe a rasa ma'ajiyar gaba ɗaya.

Na uku, ƙarin mahaifa, wanda ake ce wa faiburoid. Yana da yawa a tsakanin matan Afirka. Tsiro ne na naman mahaifa, kuma ba ciwon daji ba ne. Alamominsa su ne jinin al'ada mai yawa da guda-guda, da nauyin mara, da yawan fitsari, da ciki ya riƙa tasowa kamar na mai juna biyu. Ba kowanne ake yi wa aiki ba. In ana bukatar cirewa, kuma bai yi girma ba, bai yi yawa ba, ana iya yi ta huji. In kuwa ya girma har ya haura cibiya, yawanci sai an buɗe.

Na huɗu, matsanancin ciwon mara lokacin al'ada, irin wanda ke kwantar da mace duk wata, wani lokaci har da jin zafi wajen kwanciyar aure. Wani sa'in dalilinsa shi ne irin naman da ke shimfiɗe a cikin mahaifa ya tsiro a wajenta. Hoton sikanin ba kullum yake nuna shi ba, amma kyamara tana gani, kuma ana iya ƙone shi ko a kankare shi nan take.

Ana kuma ɗaure bututun ƙwai ta wannan hanya ga wadda likitoci suka tabbatar wani cikin zai iya halaka ta, bayan ita da mijinta sun amince. Ana ma cire mahaifa ta huji in lalura ta kai ga haka.

Ciki a wajen mahaifa

Wannan na ware shi dabam domin shi ne mai kisa. A cikin kowane ciki 100, akan samu 1 ko 2 da ba su zauna a mahaifa ba, sai su maƙale a cikin bututun ƙwai. Bututun nan siriri ne, ba a halicce shi don ɗaukar ɗa ba. Cikin yana girma yana matsa shi, har ranar da zai fashe, yawanci a wata na 2 ko na 3. In ya fashe, jini zai riƙa zuba a cikin ciki, inda ido ba ya gani. Irin wannan ciki ba ya rayuwa, kuma ba a iya mayar da shi mahaifa. Abin da ake ƙoƙarin ceta shi ne ran uwa.

Ga alamomin, ki riƙe su da kyau. Kin yi ɓatan wata. Sai ciwon mara ya taso, sau da yawa a gefe ɗaya. Sai ɗan jini baƙi-baƙi yana ɗiga, ba kamar na al'ada ba. In abin ya yi nisa sai jiri, da gumi mai sanyi, da ciwo a saman kafaɗa, da fari fat a ido da tafin hannu, da suma. 'Yar uwa, wannan ba iska ba ce, ba sammu ba ne, ba maye ba ne. Jini ne ke zuba. Ba a jiran gari ya waye, ba a jiran ranar kasuwa.

In an gano shi da wuri ta hanyar gwajin ciki da sikanin, kafin ya fashe, ana iya cire shi ta huji, wani ma allura kawai ake yi a riƙa bibiya da gwajin jini. In kuwa ya riga ya fashe, mace ta galabaita, to kada a ce sai an kai ta Kano don neman aikin huji. Daga Riruwai ko Doguwa a ratso dajin Falgore a wuce Tudun Wada a kai birni tafiya ce ta sa'o'i, jini kuwa ba ya jira. A nufi babban asibiti mafi kusa, a tafi da 'yan uwa maza masu lafiya da za su iya ba da jini. In likita ya ce zai buɗe ciki, a bar shi ya buɗe. Dogon tabo da rai ya fi. Kuma ki kwantar da hankalinki, ko an cire bututu ɗaya, mace tana iya samun ciki ta ɗayan in lafiyarsa lau.

Amfaninsa da iyakarsa

In aka kwatanta aikin huji da na buɗe ciki, ciwon bayan aiki ya fi sauƙi, zubar jini yakan yi ƙasa, kuma miki bai cika ruɓewa ba saboda ƙanƙantarsa. Wadda aka yi wa ƙaramin aiki takan koma gida ran nan ko washegari, cikin mako 1 ko 2 ta koma 'yan hidimominta marasa nauyi. Wadda aka buɗe kuwa takan yi kwanaki a gadon asibiti, sannan ta yi kamar mako 6 kafin ƙarfinta ya dawo sosai. Mace mai yara da girki ta san bambancin mako 2 da mako 6.

Amma tsakanin mai kafa ɗaya da mai huji 3 ko 4, bambancin ba shi da yawa. Binciken likitoci bai nuna wani babban fifiko ba ta fuskar ciwo ko saurin warkewa. Babbar ribar kafa ɗaya ita ce ɓoyewar tabo. Yana kuma da nasa cikas: kayan aikin suna gogayya da juna tunda ƙofa ɗaya suka bi, aikin ya fi wa likita wuya, kuma da yake yankan cibiyar ya ɗan fi faɗi, an ɗan fi samun waɗanda daga baya cibiyarsu ke bullowa kamar ƙaton cibin yara, har sai an sake gyarawa. Don haka kada ki kafe a kan sai kafa ɗaya. Hanyar da hannun likitanki ya fi ƙwarewa a kai, ita ce ta fi miki.

Ki sani kuma, aiki aiki ne ko da hujin ƙarami ne. Ba kasafai ba, amma yakan faru a taɓa hanji ko mafitsara ko jijiyar jini. Wani lokaci likita yakan shiga ta huji ya tarar da abin da bai zata ba, kamar hanji ya manne da juna sanadin tsohon aiki, ko jini ya ƙi tsayawa, sai ya koma buɗewa. Wannan ba kuskure ba ne, kare ranki ya yi, kuma za a gaya miki yiwuwar haka tun kafin a shiga. Maganar kuɗi ma gara a san ta: kuɗin aikin huji yawanci ya fi na buɗewa, sai dai akan rage na kwanakin jinya da zirga-zirgar kai abinci.

Kafin a shiga

Matambayi ba ya ɓata. Ki tambayi likita, da Hausa, sunan ciwonki, da abin da za a cire, da abin da za a bar miki, da ko za ki iya haihuwa bayan aikin. Akwai takardar amincewa da ake sa wa hannu. Kada ki dangwala yatsa sai an karanta miki an fassara kin fahimta, domin jikinki ne. In kina tsoron a cire mahaifa, ki faɗa a fili a gaban likita da maigida, a yi miki bayani. In kin fi sakewa da likita mace, ki nema. In babu, ki roƙi ma'aikaciyar jinya ta tsaya tare da ke, kuma malamanmu sun yi bayani cewa lalura tana halatta likita namiji ya duba mace.

Ki gaya musu in an taɓa yi miki aiki, ko kina da hawan jini, ko ciwon suga, ko asma, ko sikila, da duk maganin da kike sha, har na gargajiya. Za a hana ki abinci na kamar sa'a 6 kafin aiki. Kada wata mai tausayi ta ba ki koko ko fura a ɓoye, domin amai a cikin barcin allura yana iya shiga huhu.

Bayan an dawo gida

Za ki iya jin ciwo a kafaɗa da kumburin ciki na kwana 1 zuwa 3. Ragowar iskar nan ce, za ta tafi da kanta, kuma 'yar tafiya a tsakar gida tana taimakawa. Ki bar wurin ɗinki a bushe da tsabta. Kada a gasa cibiya da ruwan zafi ko tsumma kamar ta jariri, kada a shafa man shanu ko toka ko wani gari. Daka da surfe da jan guga da ɗaukar tulu da goyo duk a ɗaga musu ƙafa har sai likita ya ba da izini, domin hujin waje ƙarami ne amma aikin da aka yi a ciki yana bukatar lokaci. Haka ma kwanciyar aure. Abokiyar zama, ranar taimako ke nan, ki karɓar mata girki, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Salla kuwa, in tsayuwa ko sujada na ba ki wuya, addini ya yi sauƙi, ki yi a zaune. In azumi ne ki sha ki rama.

A koma asibiti nan da nan in an ga zazzaɓi, ko ciwon ciki yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciki yana ta kumbura, ko mugunya ko wari a wurin ɗinki, ko jini mai yawa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi yana wuya. Ko ba a ga komai ba, ranar da aka rubuta miki ki koma, ki koma.

Shawara ta ƙarshe, kuma ita ce mafi muhimmanci gare mu da ba ma fita sai da izini. Tun yau da kike lafiya, ki samu lokacin da maigida yake cikin nishaɗi ku yi magana. Ki nemi ya ba ki izini tun yanzu cewa duk ranar da ciwo irin wannan ya taso, ko yana gona, ko yana kasuwa, ko ya tafi cin rani, a kai ki asibiti ba sai an jira shi ba. Ya sanar da mahaifiyarsa da ƙaninsa ko wani babba a gidan. A ajiye lambar mai mota ko mai a-daidaita-sahu na unguwa. In kin kwashi adashi, ki ware wani abu ki ɗaure don irin wannan rana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: ke kika san ranar da al'adarki ta saba zuwa, ke kika san ciwon da ba irin na kullum ba. In kin ji sauyi, ki faɗa, ki je asibitin da ke kusa da ke a yi gwaji da sikanin, in abin ya fi ƙarfinsu su ba ki takarda zuwa Kano ko Shika tun ƙari yana ƙarami, tun bututu bai fashe ba.

A nan za mu dakata. Wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba. Marasa lafiyarmu na gida da na asibiti Allah ya ba su lafiya, masu juna biyu Allah ya sauke su lafiya, masu nema Allah ya ba su masu albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum, a huta lafiya.